Duwan a nan, kwastan a can: tarihin kalmar da ke tare mu a bakin gada

Jawabin filin "Asalin Kalma" na wannan mako, kamar yadda aka gabatar da shi a rediyo.

Ina gaida iyayenmu makiyaya da ke rugage tun daga Gene har Karimama, da 'yan kasuwar albasa da shinkafa na Malanbil, da direbobin manyan motoci masu kwana a layi, da masu jiragen fito a bakin Kwara, da 'yan uwa na Gaya da Kamba. Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa kuma ya iya karatu, don Allah ya karanta ma na kusa da shi, don maganar yau ta shafi aljihun kowa.

Tambayar wannan mako daga Tumbutu ta fito, Tumbutunmu ta nan ƙasar Malanbil, ba ta Mali ba. Wani dattijo makiyayi ne ya tare ni ranar kasuwa, ya ce: "Yaro, kai da aka ce ka yi karatun jarida, gaya mini. In na nufi Gaya a ce mini duwan, in na nufi Kamba a ce mini kwastan. Abu ɗaya ne ko biyu? Kuma yaren wa ne?" Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka nasara, a ba ni mako guda." To Baffa, ga amsa. Aikin ɗaya ne, sunan ne biyu, kuma kowane suna da hanyar da ya biyo kafin ya iso bakin kogin nan.

Duwan: littafi ne tun asali

Mu fara da duwan. Daga bakin Faransawa muka ji ta, su suna rubuta ta "douane". Amma Bafaranshe ma aro ya yi. Ya aro ta daga mutanen Italiya, waɗanda a da suke cewa "doana", yau kuma "dogana". Su kuma daga Larabawa suka ɗauko, daga kalmar "diwan". Larabawan ma ba tasu ba ce, daga Farisa ta zo musu, ƙasar da ake kira Iran a yau. Kun ga ke nan kalmar nan ta fi kowane madugu yawo.

Mene ne diwan a can farko? Littafi ne. Kundin da hukuma ke rubuta sunayen mutane da lissafin kuɗi, abin da ya shigo da abin da ya fita. Masana harshe suna danganta ta da wata tsohuwar kalmar Farisa mai nufin rubutu. Akwai kuma wani labari mai ban dariya da Ibn Khaldun ya kawo: wai wani sarkin Farisa ne ya leƙa ɗakin magatakardansa, ya tarar kowa ya duƙufa yana lissafi yana magana shi kaɗai, sai ya kira su da wata kalmar yarensu mai nufin mahaukata, sunan kuma ya bi ɗakin. Wannan zancen hira ne, amma duk wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa yana ƙirga jikkuna da daddare yana motsa baki ya san inda labarin ya dosa.

A tarihin Musulunci, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ne ya kafa diwan. Da dukiya ta yi yawa a baitulmali, ya zama ba a iya rabo da ka, sai aka buɗe littafi, aka rubuta sunan kowa da rabon da zai karɓa. Daga littafin, sunan ya koma kan ɗakin da ake ajiye shi, daga ɗakin ya koma kan ma'aikatar gaba ɗaya. Aka samu diwanin soja, aka samu diwanin haraji. Malamanmu na zaure ma sun san kalmar ta wata fuska: in an tara waƙoƙin malami ɗaya a littafi ɗaya, diwani ake ce mishi. A Turkiyya kuwa, majalisar sarki ake kira diwan, kuma daga dogon mazaunin da 'yan majalisar ke kishingiɗa a kai ne Faransawa da Ingilishi suka samu "divan", doguwar kujerar falo. Wato kujerar da Alhaji ke hutawa a kai da ofishin da ke tsare mishi mota, uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Yadda ta ƙetare teku

Shekaru ɗari takwas zuwa ɗari tara da suka wuce, 'yan kasuwar garuruwan Italiya irin su Fenis, Jenowa da Pisa suna kai jiragensu tashoshin Musulmi: Iskandariyya a Masar, Tunis, da Bijaya a ƙasar Aljeriya ta yau. Da jirgi ya tsaya, ba a sayar da ko allura sai an kai kaya diwan, an auna, an rubuta, an biya. Galibi kashi ɗaya cikin goma ake karɓa, abin da mu muke kira ushira. Da suka koma gida, suka tafi da tsarin, suka tafi da sunan.

Ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Wani mutumin Pisa yana aikin magatakarda a duwan ta Bijaya, yana wakiltar 'yan kasuwar garinsu. Ya kira ɗansa, Leonardo, ya sa shi koyon lissafi a can. Yaron ya koyi alƙaluman Indiya da Larabawa ke aiki da su, daga 1 zuwa 9 da sifiri. A shekarar 1202 ya rubuta littafin lissafi da ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa su a Turai. Shi ne wanda duniya ta sani da Fibonacci. Lambobin da kuke gani a jikin takardar kuɗin sefa da naira, ɗaya daga cikin ƙofofin da suka bi suka shiga Turai ita ce ƙofar duwan.

Wata ƙofar kuma ita ce tsibirin Sisili, wanda Musulmi suka mulka kafin Turawa su karɓe shi. Sarki Roja na Biyu, wanda aka naɗa a 1130, yana da ma'aikatar kuɗi da ake rubutu a cikinta da Larabci, ana kiranta diwan, a takardun Latin kuma "duana". A Sifen, inda Larabci ya daɗe ƙwarai, suka ce "aduana". Almajirai za su gane dalilin wannan "a" ta farko nan take: "ad-diwan" ne, don dal harafin shamsiyya ne, lam ɗin ba ya fita. Mutanen Holan kuma suka karɓa daga Faransa, su ma "douane" suke cewa.

Duwan ta tumaki

Baffa, wannan ɓangaren naku ne. A kudancin Italiya akwai makiyaya masu tashi kamar ku. Da sanyi ya ƙarato sai su sauko da tumaki daga duwatsun Abruzzo zuwa filayen Puliya, da zafi ya dawo su koma. A shekarar 1447, Sarki Alfonso na Napoli ya kafa musu hukuma ta musamman, aka sa mata suna duwan ta tumaki, daga baya mazauninta ya zama garin Foja. Makiyayi zai faɗi yawan dabbobinsa, a rubuta, ya biya bisa ga kai. Ita kuma hukuma sai ta ba shi wurin kiwo, ta tsare mishi burtali, ta ba shi kotun da za ta ji ƙararsa in an yi rikici. Manyan burtalolin nan faɗinsu mita 111 ne, kuma doka ta hana manomi ya ci su. Wannan tsari ya kai har 1806 kafin a rushe shi.

Ba na cewa aljanna ce. Su ma sun sha rigima da manoma, sun sha kuka da ma'aikata. Amma ku lura da cinikin: ka biya, an rubuta, an ba ka hanya da ciyawa. Kuɗin yana da abin da ya saya.

Kwastan: abin da aka saba

Yanzu mu tsallaka Kamba. Kwastan daga Ingilishi ce, "customs", kuma tushenta "custom", wato al'ada. Ingilishi sun karɓe ta daga tsohon Faransanci, shi kuma daga Latin "consuetudo", sabo. Ma'anarta ita ce kuɗin da aka saba ba sarki a kan kaya, wanda kowa ya san adadinsa tun kaka da kakanni. A nan ƙasar Benin ma kalmar ta yi aiki tun kafin mulkin mallaka. A tashar Wida, zamanin mugun cinikin bayi, jirgin Bature ba ya fara ciniki sai ya biya sarkin Dahome abin da Faransawa ke kira "coutumes", Ingilishi kuma "customs". A lokacin, Bature ne ke tsayawa a shinge.

Kuma ga abin dariya: kwastoma da kuke lallashi a shago, daga wannan tushen ya fito, wato mutumin da ya saba sayayya a wurinka. A tsohon Ingilishi ma, kalmar "customer" har mai karɓar kuɗin kwastan take nufi.

To me ya sa mu ke da duwan, Kamba ke da kwastan, alhali ƙasar Dendi ɗaya ce, kogi ɗaya, dangi ɗaya? Ranar 14 ga Yuni 1898, a birnin Paris, Faransa da Ingila suka sa hannu a yarjejeniyar raba wannan yanki. Gaya da Nikki suka faɗa hannun Faransa, Ilo da Busa suka faɗa hannun Ingila. Kowa ya kafa shingensa, ya liƙa mishi sunan yarensa. Garin Malanbil kansa sunan wani gwamnan Dahome Bafaranshe ne, Henri Malan, aka ɗora a kan wurin da mutanen Dendi ke kira Tasi. An gina gadar farko tsakanin Malanbil da Gaya a 1958. Kalmomin nan biyu sun girmi gadar, amma kasuwancin kogin ya girme su duka.

Sauran Turawa me suke cewa?

Ba duk Turai ce ta ɗauki diwan ba. Jamusawa suna cewa "Zoll", mutanen Suwidin "tull", Ingilishi kuma suna da "toll" don kuɗin hanya da na gada. Duka daga kalmar Girka "telonion" suke, wato rumfar mai karɓar haraji.

Mutanen Fotugal suna cewa "alfândega". Ita ma Larabci ce, "al-funduƙ", masaukin fatake, inda baƙo ke sauke kaya, ya kwana, a adana mishi dukiya. A takaice dai, zango. Tun da a nan kaya ke taruwa, a nan mai haraji ke zuwa, har sunan masaukin ya zama sunan ofishin.

Rashawa suna cewa "tamozhnya", daga "tamga". Tamga kuwa kalmar makiyaya ce, Turkawa da Mangol na filayen Asiya: alamar da kowane gida ke yi ma dawakinsa da shanunsa don a san mai su, kamar yadda kuke yi da tsagar kunne ko zanen wuta. Da Mangol suka mamaye ƙasar Rasha a ƙarni na 13, sai alamar ta zama hatimin da ake buga ma kayan da aka biya ma haraji. Baffa, ka ji: a Rasha, sunan duwan daga jikin dabba ya fito.

Su kuma Larabawan da suka ba Turai diwan, yau ba ita suke kiran wannan ofishi da ita ba. Alhazai sun gani a filin jirgin Jidda, "jamarik" ake rubutawa. Daga Turkanci "gümrük" ta zo, shi daga Girkanci, shi kuma daga Latin "commercium", ciniki. Sun ba da tasu, sun karɓo ta Turai. Ko a kasuwar kalmomi, ba a zuwa a dawo hannu sake.

Tamu ta gida

Mu ma muna da tamu, kuma ta girmi zuwan Bature: fito. Fataken goro da ke tasowa daga Kano, Sakkwato da Jega zuwa Gwanja, a wannan yankin namu suke ƙetare Kwara, wajen Ilo da Gaya, su ratsa Borgu, su bi ta Jugu har Salaga. A bakin ruwa madugu ne ke zama da masu gari da masu jirgi, a yi ciniki, a biya, a fitar da mutane da jakuna zuwa wancan ƙetare. Wannan shi ne kuɗin fito. Har yau a labaran Hausa na Najeriya, harajin shigo da kaya "kuɗin fito" ake ce mishi, ko da kayan ta jirgin sama suka zo. Kuma lokacin da aka rufe gada a ƙarshen watan Yuli na 2023, duk mun ga yadda kalmar ta koma ma'anarta ta farko, mutane da buhuna suka koma cikin jiragen ruwa.

Abin da ya sa na ja zancen

Ku jera su: littafi, abin da aka saba, rumfar mai haraji, masauki, hatimi, fito. A kowace ɗaya, ko dai an rubuta, ko kowa ya san adadin, ko an buga shaida, ko an yi maka wani aiki da kuɗinka. Babu ko ɗaya da ke nufin "miƙo, wuce".

Ina yaro na taɓa raka kawuna da lodin albasa. A wani shinge, a wata hanya da ba zan faɗa ba, aka ce ya kawo kaza. Ya biya, ba a ba shi komai ba, shi ma bai tambaya ba, don yana sauri kada rana ta taɓa kaya. Ba mu yi nisa ba muka iske wani shingen, aka ce ina takarda. Kawu ya rantse ya biya a baya. Mutumin ya ce, "Alhaji, ni rantsuwa ba ta shiga littafina." Ya sake biya. A ranar na ji haushin na biyun. Yau da na san ma'anar diwan, na gane cewa na biyun ne ya yi aikin duwan, domin shi ya rubuta, shi ya ba da takarda. Ribar tafiyar kuwa a shingen farko ta tsaya.

Saboda haka ga 'yan shawarwari, ba don na fi ku sanin hanya ba, ku ne kuka haife mu a kanta.

Ku san wa ke gabanku. Ba kowane mai kaki ne ɗan duwan ba. Akwai 'yan sanda, akwai jandarma a wancan ƙetare, akwai 'yan gandun daji, akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi, akwai masu karɓar kuɗin kasuwa na ƙaramar hukuma. Kowa da aikinsa, kowa da irin takardarsa. Tambaya cikin ladabi ba laifi ba ce: "Ranka ya daɗe, kuɗin mene ne wannan?"

In kun biya, ku nemi shaidar biya. A Kamba rasit ake cewa. A nan da Gaya, kalmar da za ku faɗa ita ce "quittance", ana furta ta kitans. Ita ma tana da tarihi: daga Latin "quietus" ta fito, wato kwanciyar hankali, don wanda ya biya bashi ya huta. Jamusawa na cewa "Quittung", Rashawa "kvitantsiya". Takardar hutu ce, Baffa.

Ku duba ta kafin ku tashi. Ko ba ku iya Faransanci ba, kun iya lamba, kuma kun ji inda lambar ta fito. Adadin da aka rubuta ya yi daidai da wanda kuka ƙirga? Yawan buhuna ko kawunan dabbobi daidai ne? Akwai kwanan wata, akwai hatimi? A tuna cewa takarda ba ta ƙirga da dala ko jikka, da tamma take ƙirga: jikka biyar, 5000 za ku gani. In da waya a hannu, a ɗauki hotonta. A sa ta cikin leda, don ruwan Kwara bai san hatimi ba.

Ga makiyaya kuma, tun 1998 ƙungiyar CEDEAO ta fito da takardar tashi ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ɗauke da yawan garke, allurar rigakafin da aka yi, hanyar da za a bi da inda aka nufa. Amma dokoki sun yi ta canzawa. A ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta sanar da hana shigowar garken ƙetare, kuma a watan Janairu na 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Don haka kada kowa ya kora shanu da labarin bara. A tambayi rugga da garso, a tambayi ma'aikatan dabbobi, kafin a ɗaga ƙafa.

Sai magana ta ƙarshe, kuma ina roƙon kada a ji haushina. Littafin nan kaifi biyu gare shi. Kamar yadda ma'aikacin da ke karɓa ba rubutu ya guje ma littafi, haka ɗan kasuwar da ya ce buhu hamsin alhali ɗari ne, ko wanda ya bi daji da dare da kayan fasa-ƙwauri, shi ma ya guje mishi. Wani lokaci ma mu ne ke fara cewa, "Bar takarda, karɓi wannan." In mun yi haka, gobe ba mu da bakin kuka. Akwai ma'aikata masu tsoron Allah a shingayen nan, na gan su, kun gan su, kuma takardar da ke kare ku ita ke kare su ranar da manyansu suka zo bincike.

Baffa na Tumbutu, ina fata na biya bashin tambayarka. In ka yarda na biya, ka aiko mini da kitans ta bakin masu zuwa kasuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kalmar mangaza, inda kuke ajiye buhuna. Ita ma ta je Turai ta dawo, kuma za ku ji abin da ya haɗa ta da ma'aji da taska. Wanda ke da kalmar da ke damunsa, ta Hausa, ta Dendi, ta Fulatanci ko ta Nasara, ya aiko ta ofishin rediyo ko ya tare ni a kasuwa kamar yadda Baffa ya yi. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke, ya kawo kasuwa. Sai mun sake saduwa, wassalamu alaikum.